Ɗan Jiha da Baƙo: Tarihin Neman Gurbin Karatu a Jami'ar Karolina ta Arewa

Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill, a kudu maso gabashin Amurka, tana cikin jami'o'in gwamnati da samun gurbi a cikinsu ke da matuƙar wuya. A tsawon tarihinta, abu biyu sun sha yanke wa mai nema hukunci tun kafin a kai ga duba makinsa: jihar da ya fito da kuma launin fatarsa. Kowanne daga cikinsu yana da asalinsa, kuma dokar Amurka ba da ido ɗaya ta dube su ba. Ɗalibi baƙar fata, ko ɗan wata al'umma ta tsiraru, da ya aiko da takardunsa daga wata jiha yana tsaye ne daidai inda waɗannan hanyoyi biyu suka gamu, shi ya sa ba a fahimtar matsayinsa sai an bi kowace hanya daga tushenta.

Majalisar dokokin jihar ta ba da izinin kafa jami'ar a 1789. An aza harsashin gininta na farko a Oktoban 1793, ɗalibin farko kuma, Hinton James, ya iso a Fabrairun 1795. Ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a Amurka da ta yaye ɗalibai kafin ƙarni na 18 ya ƙare. Bayi baƙaƙe sun yi aikin gina ta, su ne kuma ke ɗebo wa ɗalibai ruwa, su hura musu wuta, su share ɗakunansu. Ɗaya daga cikin bayin yankin, George Moses Horton, ya koya wa kansa karatu, yana tsara waƙoƙin soyayya yana sayar wa ɗalibai, har aka buga littafinsa a 1829. Shekara guda bayan haka jihar ta yi dokar da ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu. Baƙon da ya zo daga wata jiha kuwa ba wanda ya tare shi a wancan zamani, muddin fari ne kuma iyayensa na da abin biya. 'Ya'yan masu manyan gonaki daga sauran jihohin kudu sun yi ta zuwa, cikinsu har da James K. Polk, wanda ya zo daga Tenesi, ya kammala a 1818, daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Yaƙin basasa ya kawo ƙarshen bauta a 1865, gyara na 14 ga tsarin mulkin ƙasa kuma ya tabbatar a 1868 cewa kowace jiha dole ta ba kowa kariyar doka daidai wa daida. A shekarar ce jihar ta rubuta sabon tsarin mulkinta, wanda ya ɗora wa majalisa nauyin isar da amfanin jami'ar ga matasan jihar kyauta, gwargwadon yadda zai yiwu. Wannan sharaɗi yana nan a tsarin mulkin da ake aiki da shi yau, kuma shi ne madogarar duk mai cewa jami'ar ta 'yan jiha ce kafin kowa. Sai dai wane ne ɗan jiha? A aikace, amsar da aka bayar ta fitar da baƙaƙe. An rufe jami'ar daga 1871 zuwa 1875, da aka sake buɗe ta kuma ta fararen fata ce zalla. Baƙaƙe aka gina musu nasu makarantun, kamar kwalejin noma da fasaha da aka kafa a 1891 ta zauna a Greensboro, wadda yau ake kira A&T. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wariya bisa hujjar cewa ana iya raba mutane amma a ba su abu iri ɗaya. An raba ɗin, amma daidaiton bai taɓa samuwa ba: babu makarantar gwamnati ta baƙaƙe ko ɗaya a jihar da ke koyar da aikin lauya ko harhaɗa magunguna a matakin da ake koyarwa a Chapel Hill, kuma kuɗin da ake ware musu bai kama ƙafar na fararen ba.

Ta wannan giɓi lauyoyin baƙaƙe suka fara kutsawa. A 1933 wani ɗalibi daga Durham, Thomas Hocutt, ya nemi shiga sashen harhaɗa magunguna, aka ƙi shi, ya kai ƙara tare da lauyoyi biyu na garinsa da William Hastie na ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata. Ya faɗi, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne shugaban kwalejin baƙaƙe ta Durham, James E. Shepard, ya ƙi sakin takardar sakamakon karatunsa. Shepard yana rayuwa ne da kuɗin da majalisar fararen fata ke yanka wa kwalejinsa, yana kuma fatan a buɗe irin waɗannan sassa a wurinsa. Wannan ita ce shari'a ta farko irinta da ƙungiyar ta shiga a kan wata jami'ar gwamnati a kudu.

Jihohin kudu da dama sun samo dabarar da ta haɗa batun launi da batun iyakar jiha tun wancan lokaci. Idan baƙar fata ya nemi karatun da babu shi a makarantun baƙaƙe, sai gwamnati ta ba shi ɗan tallafi ya tafi wata jiha, galibi arewa, ya yi. Wato sai a mayar da ɗan jiha baƙo da gangan, don kada ya zauna aji ɗaya da fari. A Disambar 1938 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar Lloyd Gaines, wanda jihar Misuri ta yi wa irin wannan tayi maimakon ta karɓe shi a sashen shari'a na jami'arta. Kotun ta ce nauyin da ke kan jiha a cikin iyakokinta yake, ba za ta ɗora shi kan maƙwabciyarta ba: ko ta karɓe shi, ko ta buɗe wa baƙaƙe makaranta irin wannan a cikin jihar.

Kwanaki kaɗan bayan wannan hukunci, wata matashiya mai suna Pauli Murray ta sami wasiƙa daga Chapel Hill. Ta nemi karatun digiri na gaba a fannin nazarin zamantakewa, amsar da ta samu kuma ta faɗa mata ƙarara cewa ba a karɓar masu launin fatarta. Labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa aka fara ganin yadda shingayen biyu ke ƙarfafa juna. A Durham ta girma, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga jami'ar. Kakarta ta wajen uwa baiwa ce da aka haifa a gidan wasu fararen fata masu alaƙa ta kusa da jami'ar, mahaifin kakar kuma ɗan gidan ne, kuma gidan ya bar wa jami'ar wasiyyar fili. Amma da yake ba ta so ta yi karatu a makarantar wariya, ta tafi birnin New York ta gama kwalejin Hunter a 1933, ta ci gaba da zama can tana aiki. Da ta kai kukanta ga NAACP, lauyan ƙungiyar Thurgood Marshall bai ɗauki shari'ar ba, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai zamanta a New York: hukuncin Gaines ya yi magana ne kan haƙƙin ɗan jiha a kan jiharsa, lauyoyin gwamnati kuwa za su ce ita baƙuwa ce. Wariya ta kore ta daga jihar, barin jihar kuma ya raunana hujjarta ta yaƙar wariyar. Shugaban jami'ar na lokacin, Frank Porter Graham, mutum ne da aka sani da sassaucin ra'ayi, amma ya ce dokar jiha ta ɗaure masa hannu. Murray ta zama lauya, ta rubuta ayyukan da lauyoyin fafutuka suka dogara da su, a 1977 kuma ta zama mace baƙar fata ta farko da aka naɗa limamiya a cocin Episkofal. A 1978 jami'ar ta yi mata tayin digirin girmamawa, ta ƙi karɓa saboda a lokacin jami'ar na jayayya da gwamnatin tarayya kan kawar da ragowar wariya.

Martanin majalisar jihar ga hukuncin Gaines shi ne dokar 1939, wadda ta ba da izinin buɗe sassan karatu mai zurfi a kwalejojin baƙaƙe, har da ƙaramar makarantar lauyoyi a Durham. Dabarar ta riƙe shekara goma sha biyu. A 1950 Kotun Ƙoli ta ce makarantar lauyoyin da Teksas ta ƙirƙiro wa baƙaƙe cikin gaggawa ba ta kai ta fararen ba, domin makaranta ta wuce gini da littattafai, ta haɗa da suna, malamai da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji. A Maris 1951 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi amfani da wannan ma'auni a ƙarar Floyd McKissick, a bazarar shekarar kuma shi da Harvey Beech, James Lassiter, J. Kenneth Lee da James Walker suka shiga sashen shari'a na Chapel Hill. An ware musu bene nasu daban a ɗakin kwana, aka kuma ba su tikitin kallon ƙwallo a ɓangaren baƙaƙe na filin wasa, sai da aka yi ƙorafi kafin a gyara. Ko bayan hukuncin Brown na 1954 da ya rushe wariya a makarantun gwamnati, majalisar amintattun jami'ar ta tsaya kan cewa ba za ta karɓi baƙaƙe a digiri na farko ba. Sai da alƙalan tarayya uku suka tilasta mata a Satumbar 1955 sannan LeRoy Frasier, ƙanensa Ralph da John Lewis Brandon, dukansu daga makarantar sakandaren Hillside a Durham, suka shiga. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kammala a nan. Mace baƙar fata ta farko a digiri na farko, Karen Parker, sai 1963 ta shigo. A 1966 kocin ƙwallon kwando Dean Smith ya ɗauko Charlie Scott, haifaffen New York, ya zama baƙar fata na farko da jami'ar ta ba tallafin karatu na wasanni.

Buɗe ƙofa bai cika ɗakin ba. Shekaru bayan haka baƙaƙe ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a cikin dubban ɗalibai, alhali su ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen jihar. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk wata hukuma mai karɓar kuɗin tarayya nuna bambancin launi, kuma a kanta aka shafe shekarun 1970 ana ja-in-ja. A 1972 aka haɗa jami'o'in gwamnati 16 na jihar ƙarƙashin hukumar gudanarwa ɗaya, biyar daga cikinsu na baƙaƙe ne tun asali, ɗaya kuma, ta Pembroke, an kafa ta ne domin Indiyawan Lumbee. Gwamnatin tarayya ta matsa a sauya fasalin tsarin, har ta yi barazanar yanke tallafi a zamanin shugaba Carter, shugaban jami'o'in William Friday kuma ya turje yana cewa ba Washington ce za ta tsara musu inda za a koyar da wane fanni ba. An sasanta a gaban kotu a 1981: jami'o'in da ke na fararen fata a da za su yi ƙoƙarin kai yawan baƙaƙe ɗan sama da kashi 10 cikin 100, na baƙaƙe kuma su kai fararen fata kashi 15.

Kafin nan Kotun Ƙoli ta riga ta shata iyakar abin da jami'a za ta iya yi. A shari'ar Bakke ta 1978 ta soke tsarin makarantar likitanci ta Davis a Kalifoniya, wadda ta keɓe kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru, amma ta yarda a sa launin fata cikin abubuwan da ake dubawa, saboda amfanin da cuɗanyar ɗalibai iri-iri ke kawo wa ilimi. A 2003 ta sake tabbatar da haka a shari'o'i biyu na Jami'ar Mishigan: ta soke tsarin da ke ba ɗan tsiraru maki 20 kai tsaye cikin 150, ta bar wanda ke duba kowane mai nema a kan kansa. Kan wannan turba Chapel Hill ta tafi shekaru da yawa.

Shingen jiha kuwa a wannan tsakani ne ya yi ƙarfi. Kotunan Amurka ba su taɓa kallon bambanta ɗan jiha da baƙo a kuɗin makaranta ko a gurbi kamar yadda suke kallon bambancin launi ba. Hujjar a bayyane take: iyayen 'yan jiha ne ke biyan harajin da ke riƙe jami'ar. A 1973 Kotun Ƙoli ta amince jiha ta caji baƙo fiye da ɗan gida, sharaɗin kawai shi ne ta bar masa hanyar tabbatar da cewa ya zama mazauni na gaske. A Karolina ta Arewa wannan na nufin zama na dindindin na aƙalla wata 12, ba zaman karatu kawai ba. Da sunan jami'ar ya ƙara fita kuma takardu suka riƙa kwararowa daga arewa maso gabashin ƙasar, iyaye suka fara kai wa 'yan majalisa kukan cewa ana ture 'ya'yansu. A 1986 hukumar gudanarwa ta kafa ƙa'idar da ta tsaya har yau a Chapel Hill: baƙi ba za su wuce kashi 18 cikin 100 na sababbin ɗalibai ba.

Wannan kaso yana da tsauri idan aka gwada shi da na takwarorinta. A Jami'ar Bajiniya baƙi kusan kashi ɗaya cikin uku ne, a Mishigan kusan rabi, a Alabama ma sun haura rabi. Dalilin da ya sa waɗancan suka saki jiki kuɗi ne, domin baƙo na biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan jiha ke biya, kuma jihohi da dama sun rage abin da suke ba jami'o'insu. A farkon shekarun 2020, a Chapel Hill ɗan jiha na biyan kusan dala 9,000 a shekara kuɗin karatu da na hidimomi, baƙo kuwa sama da dala 35,000. Duk da wannan kwaɗayi an riƙe ƙa'idar. A 2003 an kawo shawarar sassauta ta don a jawo haziƙan baƙi, adawa ta yi yawa, aka jingine. A 2016 kuma aka zaftare wa jami'ar kimanin dala miliyan ɗaya saboda ta zarce kason shekara biyu a jere, inda baƙi suka kai kashi 19.5 a 2015. Irin wannan kuskuren lissafi yana da sauƙin faruwa, domin ba duk wanda aka ba gurbi ke zuwa ba, kuma sai jami'a ta yi hasashen nawa ne za su amsa.

Ɗalibin da ya zo daga wajen Amurka, ko daga Kano ne ko daga Yamai, cikin wannan kaso na baƙi ake ƙirga shi. Mai karatu a Najeriya zai ga kama da tsarin jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Bambancin shi ne a Chapel Hill kason gida ya kai 82, kuma babu wani kaso da doka ta yarda a keɓe wa waɗanda tarihi ya danne.

Ainihin yadda abin ke aiki a ciki bai fito fili ba sai da shari'a ta tona shi. A Nuwambar 2014 wata ƙungiya mai suna Students for Fair Admissions, ƙarƙashin jagorancin Edward Blum, ta kai ƙarar jami'ar tare da Harvard, tana cewa ana zaluntar fararen fata da 'yan asalin Asiya. Bayanan da aka gabatar sun nuna jami'ar na karɓar takardu kimanin 43,500 a shekara domin kujeru kusan 4,200. Kashi 18 na waɗannan kujeru bai kai 800 ba, alhali mafi yawan masu nema baƙi ne. Sakamakon haka, a shekarun da aka bincika, kusan rabin 'yan jiha da suka nema sun samu, baƙi kuwa tsakanin kashi 12 da 14 ne. A zahiri gasa biyu ake yi a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma makin da zai shigar da ɗan jiha cikin sauƙi ba lallai ya kai baƙo ko bakin ƙofa ba.

A shekarun da shari'ar ta bincika, ma'aikata kusan 40 ne ke karanta takardun. Suna auna darussan da ɗalibi ya ɗauka a sakandare, makinsa, jarrabawar ƙasa, ayyukansa na wajen aji, rubutun da ya yi game da kansa da halayensa, sannan su ba da shawara. Daga baya wani kwamiti ya sake duba 'yan makaranta ɗaya tare. A wancan lokaci, a kowane mataki an yarda a yi la'akari da launi. Waɗanda jami'ar ke kira tsiraru marasa isasshen wakilci su ne baƙaƙe, 'yan asalin Latin Amurka da Indiyawan Amurka, ma'aunin kuma shi ne yawansu a jami'a ya gaza yawansu a cikin al'ummar jihar. 'Yan asalin Asiya ba sa cikin wannan rukuni duk da su ma tsiraru ne a ƙasar. Akwai kuma wani fifiko da ba a cika ambata ba: baƙon da mahaifinsa ko mahaifiyarsa tsohon ɗalibin jami'ar ne yana samun rangwame a gasar baƙi. Tunda jami'ar ta shafe shekara 160 ba ta karɓar baƙaƙe a digiri na farko, ba sai an faɗi waɗanda suka fi cin moriyar wannan gado ba.

Masana tattalin arziki biyu suka yi karo a kotu kan alƙaluma iri ɗaya. Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, mai ba da shaida ga masu ƙara, ya raba masu nema gida goma bisa ƙarfin makinsu, ya nuna cewa a rukuni na biyu daga sama an karɓi kashi 83 na baƙaƙe, kashi 58 na farare da kashi 47 na 'yan Asiya, ya kuma ce tasirin launi ya fi girma a wajen baƙi. Caroline Hoxby ta Jami'ar Stanford, mai ba da shaida ga jami'ar, ta ce launi ne ya yanke hukunci a kashi 1.2 kacal na shawarwarin da aka yanke kan 'yan jiha, da kashi 5.1 na baƙi. Sun saɓa ƙwarai a kan girman abin, amma a wuri ɗaya maganarsu ta haɗu, kuma shi ne wurin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi: launi ya fi yin aiki a gasar baƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda dubban masu maki kusan iri ɗaya ke takara kan kujeru kaɗan, ɗan ƙaramin fifiko na iya juya sakamako.  Duk da haka, a 2013 samari baƙaƙe a cikin sababbin ɗalibai kusan 4,000 ba su kai ɗari ba.

Mai shari'a Loretta Biggs ta saurari ƙarar a Nuwambar 2020, a Oktoban 2021 kuma ta ba jami'ar gaskiya, tana mai nuni da cewa ɗalibai tsiraru har yanzu suna jin kansu a ware a harabar da aka daɗe ana hana kakanninsu shiga. Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a ranar 29 ga Yunin 2023 da ƙuri'a shida da uku. Babban alƙali John Roberts ya ce manufofin da jami'ar ke kafa hujja da su ba sa aunuwa, tsarin ba shi da ranar ƙarewa, kuma a gasar da kujeru ke da iyaka fifita wani tauye wani ne. Ya bar taga ɗaya: ɗalibi na iya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, a kuma saka masa saboda jajircewa ko halin da labarin ya nuna, ba saboda launin kansa ba. Masu shari'a Sonia Sotomayor, Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson suka ƙi amincewa. Jackson ta kawo misalin matasa biyu 'yan jihar, ɗaya zuri'arsa sun yi karatu a Chapel Hill tsara bayan tsara, ɗaya kuma kakanninsa bayi ne da doka ta hana su shiga, ta ce ba adalci ba ne a saurari tarihin gidan na farko a toshe kunne ga na biyun. Hujjarta na da nauyi, ganin cewa hukuncin bai taɓa fifikon 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ba ko kaɗan, bai kuma taɓa kason kashi 18 ba, domin babu wanda ya ƙalubalance su.

Sakamakon ya bayyana a rukunin farko da aka ɗauka bayan hukuncin. Baƙaƙe a cikin sababbin ɗalibai sun sauka daga kashi 10.5 a 2023 zuwa kashi 7.8 a 2024, a jihar da su ne sama da kashi 20 na jama'arta. Matakin da jami'ar ta sanar kwanaki bayan hukuncin, na yafe kuɗin karatu ga iyalan da ke samun ƙasa da dala 80,000 a shekara, 'yan jiha kaɗai ya shafa. Abin da ya rage wa baƙo marar galihu shi ne shirin Carolina Covenant da aka ƙaddamar a 2003, wanda ke ba ɗan talaka damar kammalawa ba tare da bashi ba ko daga ina ya fito, amma sai ya fara samun gurbin. Masu nema kuma sun haura 60,000 a shekara, rabon baƙi da ake karɓa ya faɗo ƙasa da kashi 10.

Inda aka fara sassauta shingen jiha shi ne a jami'o'in baƙaƙe na tarihi. A 2021 hukumar gudanarwa ta ɗaga kason baƙi zuwa kashi 25 a dukan biyar ɗin, daga baya ta ƙara wa wasunsu, saboda suna da kujeru kuma masu nema daga wasu jihohi na ƙaruwa. A&T ta Greensboro, wadda yanzu ta fi kowace jami'ar baƙaƙe ta tarihi a Amurka yawan ɗalibai, ta zarce ko da sabon kason, har aka ci ta tarar kusan dala miliyan biyu a 2022. A Chapel Hill kason na nan a kashi 18.